Bangon da Rufi ke Riƙe da Shi: Lacca kan Duba Lafiyar Ginin Zuba-ka-Tayar



Mai girma shugaban wannan zama, malamaina da ke layin gaba, abokan sana'a injiniyoyi da masu zanen gini, da ku ɗalibai da na hango wasunku tsaye bakin taga saboda kujeru sun ƙare, barkanmu da yamma.

Zan fara da abin da kowa a ɗakin nan ya taɓa gani da idonsa. Farkon damina hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, kafin ruwa ya sauka ta yaye kwanon makarantar firamare ta jefar cikin gona. Gari ya waye mu je jaje, mu tarar da bangon bulo tsaye ƙyam, ajujuwa a buɗe suna kallon sama. Mu ce Allah ya kiyaye gaba, a nemo kafinta. Da wannan muka tashi, har ya zauna mana cewa bango ne mai gida, rufi kuwa ɗan haya ne, yau yana nan, gobe iska ta ba shi notis. To, ginin da zan yi magana a kai yau ya juya wannan lissafi. A cikinsa, ranar da rufi ya tafi, bango ma ba ya kwana. Duk abin da zan faɗa game da duba lafiyarsa daga nan ya samo tushe.

Masu shi, Amurkawa, suna ce masa tiltof, wato a karkato a tayar. Ni ina kiransa zuba-ka-tayar, don sunan ya faɗi aikin. Ana fara zuba daɓen kankare na ƙasan ginin, a goge shi sumul. A kan daɓen nan kafintoci za su kafa katako su shata girman bango yana kwance, da gurbin ƙofofi da tagogi. Sai a fesa wani ruwan magani da ke hana sabon kankare mannewa da tsoho, kamar yadda mai waina ke shafa mai a tanda. A jera rodi, a sa farantan ƙarfe da za a yi walda a kansu daga baya, a binne ƙugiyoyin ɗagawa, sannan a zuba. Bayan mako guda ko makamancin haka, idan kankaren ya yi ƙwari, sai babbar motar ƙugiya ta zo ta kama allon ta miƙar da shi tsaye a kan harsashi. A tokare shi da dogayen bututan ƙarfe, a wuce na gaba. Cikin 'yan kwanaki filin da ka bari fayau sai ka dawo ka tarar da katafaren sito ya kewaye kansa.

Dabarar ba ta jiya ba ce. Wani injiniya, Robert Aiken, ya gwada ta a farkon ƙarni na 20 a Camp Logan da ke jihar Ilinoyi, inda yake zuba bango a kan wani shimfiɗaɗɗen tebur, ya riƙa ɗaga teburin da jak. Amma ba ta bazu ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da manyan motocin ƙugiya da motocin kwaɓa kankare suka yawaita. Yau mafi yawan manyan sito-sito da shagunan nan masu kama da akwati da ke gefen biranen Kalifoniya da Tekzas haka aka yi su, kuma Ostireliya da Niyu Zilan ma sun rungume ta. A 1986 masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu a Amurka.

Kada mu haɗa shi da ɗan'uwansa da ake zubawa a masana'anta a ɗauko a tirela. Wancan faɗinsa bai wuce abin da hanya za ta ɗauka ba, kuma sau da yawa akwai wayoyin ƙarfe da aka ɗame a cikinsa. Wannan kuwa a wurin aka haife shi, shi ya sa yake da faɗi. Idan ka shiga ciki ka ɗaga kai za ka ga tabon wuraren ƙugiyoyi da aka cike da siminti, wannan ne shaidarsa.

Ku riƙe wasu alƙaluma, don sai da su za ku ji nauyin maganar. Ɗauki allo ɗaya mai tsayin mita 9, faɗin mita 7 da rabi, kaurin inci 7 da kwata, wato santimita 18 da 'yar ɗoriya. Kwatan incin nan yana ba ɗalibai mamaki, alhali dalilinsa ba shi da wuya: faɗin katakon da ake sayarwa a kasuwar Amurka ke nan, shi kafinta ya yi shata da shi, kauri ya bi katako. Nauyin allon nan kusan tan 30 ne. Tirelar siminti ke nan mai buhu 600, an tsayar da ita a kan gefenta. Tsayinsa ya ninka kaurinsa kusan sau 50, bangon bulonmu mai inci 9 na ɗaki kuwa bai wuce sau 13 ba. Abu mai wannan siranta da wannan nauyi ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Ƙasansa yana zaune a kan harsashi, an ɗaure shi da daɓe, samansa kuma ya jingina da rufi. Rufin shi ne faifan da ke karɓar turin iska ko na girgizar ƙasa daga bangon da ke fuskantarsa, ya kai wa bangayen gefe, su kuma su sauke ƙasa. Kwali ne mai murfi. Cire murfin ka tura gefe da yatsa ka gani.

Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gaskiya ne, amma wannan karin magana ya ɓatar da masu duba gini da yawa. Sukan zagaya waje da ma'aunin tsaga, su ƙirga, su ɗauki hoto, su rubuta rahoto mai kauri, alhali abin da zai kashe mutane yana can sama, mita 9 daga ƙasa, cikin duhu, girmansa bai fi tafin hannu ba. A nan gizo ke saƙa, kuma tarihi ne ya koya mana haka da tsada.

An fara samun gargaɗi a girgizar ƙasar Alaska ta watan Maris 1964, inda wani sito irin wannan a sansanin sojan sama na Elmendorf ya rufta. Aka ɗauka abin na can nesa ne. Sai ranar 9 ga Fabrairu 1971 girgiza mai maki 6.6 ta afka wa San Fanando, arewa da Los Anjalas, aka ga rufi ya rabu da bango a gini bayan gini. Da aka bincika sai aka gano laifin na wani katako ne guda. Yadda suke yi a lokacin, sukan manna dogon katakon kafaɗa a jikin bango daga ciki, su ɗaure shi da notuna, sannan su buga filawud na rufi a kansa da ƙusa. Shi ke nan haɗin. Da ƙasa ta motsa, bango ya yi baya, ƙusa tana jan katakon ta sama, noti yana riƙe da shi ta tsakiya. Duk wanda ya taɓa faskare ya san abin da zai faru. Itace yana da jijiya, idan ka ja shi bisa tsawonta ba ka iya masa, amma ka murɗe shi ta gicciye sai ya dare kamar rake. Katakon ya dare a layin notuna, rufi ya faɗo ciki, bango ya tafi waje.

Daga nan dokar gini ta yammacin Amurka ta canza, a bugun 1973 da na 1976. Aka hana dogaro da katako ta gicciyen jijiya, aka wajabta ɗaure bango kai tsaye da ƙarfe zuwa ga gungumen rufi, aka kuma ce ɗaurin nan kada ya tsaya a bakin bango, sai an sarƙa shi daga wannan bango har zuwa wancan. Shekarar 1976 ta zama kan iyaka. Har gobe tambayar farko da mai duba irin wannan gini zai yi a Kalifoniya ita ce: da wane bugu na doka aka zana shi?

Sai dai doka tana gyara ginin gobe ne, na jiya yana nan yadda yake. Ranar 17 ga Janairu 1994, wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba, girgizar Northridge mai maki 6.7 ta zo, ta yi wa irin waɗannan gine-gine sama da 400 mummunar ɓarna. Abin da ya rage asarar rayuka a cikinsu ba gwanintar injiniya ba ce. Asuba ce, kuma ranar hutu ce ta tunawa da Martin Luther King, ma'aikata suna gida. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne har da gine-ginen bayan 1976 a cikin waɗanda suka lalace. An sa maɗaurin ƙarfe kamar yadda doka ta ce, amma siririn ƙarfen ya tsinke daidai ramin noti, inda huda ta rage masa nama. Wasu kuma kan ginshiƙin da babban gungume ke zaune a kai ne ya farfashe, don ba a yi masa isassun zobban rodi ba. A shekarar ta 1994 birnin Los Anjalas ya tilasta wa masu tsofaffin gine-ginen su gyara haɗin bango da rufi, bugun doka na 1997 kuma ya ƙara yawan ƙarfin da ake lissafa wa maɗaurin.

Wani zai ce, Malam, ai wannan matsalar masu girgizar ƙasa ce. To ga iska. Ranar 22 ga Mayu 2011 mahaukaciyar guguwa ta ratsa garin Joplin a jihar Mizuri, ta kashe sama da mutum 150. Bakwai daga cikinsu a shagon Home Depot suka rasu, inda iska ta ɗage rufin ƙarfe, allunan bango suka bi juna suna faɗuwa. Ranar 10 ga Disamba 2021 wata guguwar ta sami siton Amazon a Edwardsville ta jihar Ilinoyi, bango mai tsayin ƙafa 40 da kaurin inci 11 ya zube, mutum shida suka rasu. Adalci ya sa in faɗa cewa irin wannan guguwa ta fi ƙarfin abin da doka ta ce a lissafa. Sai a bugun 2022 ne ƙa'idar lissafin nauyi ta ƙungiyar injiniyoyin gine-gine ta Amurka ta fara shigar da ita, shi ma don asibitoci da manyan makarantu da makamantansu, sito na gama-gari bai shiga ba. Abin da nake so ku lura da shi shi ne jerin faruwar abin. Ko ƙasa ce ta motsa ko sama, rufi ke fara saki, bango ya biyo.

Saboda haka ni idan aka kira ni duba irin wannan gini, daga sama nake farawa, kuma kafin in taka ƙafa sai na nemi zane. Idan babu zane, kuma sau da yawa babu, aikin ya ninka, kuɗin ma haka, gara a gaya wa mai gini tun a waya.

Bari in ba ku labarin wani aiki da na yi, ba zan faɗi gari ko kamfani ba. Tsohon sito ne mai rufin katako, wani yana son saye, aka ce mu duba. Daga waje gwanin sha'awa, sabon fenti, tsaga ɗaya tak na gani a kusurwar wata ƙofa. Manajan wurin, dattijo mai fara'a, yana biye da ni yana cewa ginin nan ya girme ni, bai taɓa ko tari ba. Na ce a kawo mini injin hawa. Ya ce ai akwai kaya a wurin. Na ce a janye. Sai da muka yi kusan awa guda ana janye kwalaye. Da na hau, ƙasan rufin duk a lulluɓe yake da wata takarda mai ƙyalli ta hana zafi. Na sa wuƙa na yanka, sai ɗumi da warin danshi suka bugi fuskata, garin tsatsa ya zubo mini a gilashi. Takardar nan ta shekara da shekaru tana tara gumin rufi, ƙarafan da ƙananan katakai ke rataye a kansu sun yi laushi har ina ɓantara da farce. Na haska fitila wajen maɗaurin bango. Yana nan, an binne shi a kankare kamar yadda ya kamata. Amma ranar da aka zuba allon an kuskure wurinsa da kamar taƙi ɗaya, bai zo daidai da gungumen ba. Kafinta sai ya lanƙwasa shi gefe ya kamo katakon, ya buga ƙusa uku, sauran ramukan duk a buɗe. Na matsa gaba, na biyu haka, na uku ma ba a buga komai ba, yana lilo. Lanƙwasasshen ƙarfe ba ya riƙe komai sai ya miƙe tukuna, kafin ya miƙe kuwa katakon kafaɗa ya riga ya dare.

Da na sauko dattijon ya ga fuskata ya ce, to ai shekara arba'in yana tsaye. Na ce ranka ya daɗe, shekara arba'in ɗin nan abu ɗaya suka tabbatar, cewa yana iya ɗaukar nauyin kansa. Jarabawar da nake tsoro ba a yi masa ita ba tukuna. Bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba, mutum ne da ke zaune ƙarƙashin rufin nan kullum.

Idan rufin na ƙarfe ne, tambayoyin su ne dai, kaya ne suka bambanta. Ka duba mazaunin kowane gungumen ƙarfe a kan farantin bango: an yi walda ko ɗorawa kawai aka yi? Tsawon waldar ya kai na zane? Kwanon rufin an manne shi da gungumen a ko'ina, ko mai walda ya riƙa tsallake ramuka da rana ta yi zafi? Akwai doguwar kusurwar ƙarfe da ke bin gefen rufi tana zama ɗamarar ginin, ka bi ta ka ga ko an haɗa ta a kowace gaɓa tsakanin allo da allo, don ɗamara mai yanke ba ɗamara ba ce. Ka kuma dubi kankaren da ke kewaye da farantin. Tsaga mai zagaye kamar bakin ƙwarya alama ce ta cewa farantin ya fara fizgowa da namansa, wannan ba ta jiran rahoto, a ranar ake faɗa.

Sannan ka hau kan rufin. Mutanenmu masu soro sun san abin da toshewar indararo ke jawowa. A nan ma haka ne, sai dai faɗin ya ninka. Ruwa mai zurfin santimita 10 kilo 100 ne a kan kowace murabba'in mita. Rufi ya ɗan lotsa, ruwa ya ƙara taruwa a lotsawar, ta ƙara zurfi, har gungume ya karye ya janyo bango ciki. Ka ƙirga abin da aka ɗora bayan gini: manyan na'urorin sanyaya ɗaki, farantan sola, da ramukan shigar haske da aka huda. Kowace huda yanka ce a jikin faifan da bango ya jingina da shi.

Yanzu sai a sauko ga bangon kansa. Ba na cewa a yi watsi da tsaga, ina cewa a san yarenta. Siraran tsagu kamar saƙar gizo a fuska yawanci na bushewa ne, ba sa hana barci. Tsagar da ta tashi daga kusurwar ƙofa a karkace kusan kowane allo yana da ita, abin dubawa shi ne faɗinta da ko tana ƙaruwa. Idan ta wuce kusan milimita 0.3 ruwa zai fara kai wa rodi ziyara. Wadda nake tsayawa a kanta ita ce tsagar kwance a tsakiyar tsayin allo, musamman idan allon ya yi ciki. Ɗauki karan dawa ka tsayar, ka danna daga sama. Muddin yana miƙe zai jure, da zarar ya ɗan lanƙwashe nauyin da ke kansa sai ya koma taimaka wa lanƙwasar. Wannan hali ne ya sa injiniyoyin kudancin Kalifoniya suka yi gwajin manyan siraran bangaye a farkon shekarun 1980, kuma a kan sakamakonsu aka gina lissafin da ake amfani da shi. Amma a yi hattara, rana ma tana lanƙwasa allo, fuskar da ta sha zafi ta miƙe fiye da ta ciki. Ka auna da safe, ka sake aunawa da la'asar, kafin ka tayar wa mai gini da hankali.

Yawancin siraran allunan nan shimfiɗar rodi ɗaya ce gare su, a tsakiyar kauri. Ku yi lissafi da ni. Kauri santimita 18, rodi a 9. Ranar zubi lebura ya taka, 'yar kujerar da ke ɗage rodin ta karye, ya nutse santimita 2. Ta ɓangare ɗaya ƙarfin allon na jure lanƙwasa ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin biyar, kuma babu idon da zai gani. Ido ba mudu ba ne, a nan kuwa ko ƙima bai sani ba. Sai na'urar gano rodi, ko ta rada da ake gogawa a jikin bango. Gudumar Schmidt mai tsalle tana ba da kimanin ƙwarin fuska ne kawai, kada a rubuta lambarta kamar hukunci, idan magana ta yi nauyi a ciro ɗan kankare a kai ɗakin gwaji. A kan ɗan da aka ciro a ɗiga ruwan fenolftalin. Inda ya yi ja-ja kankare yana kare rodi, inda bai canza launi ba iska ta riga ta cinye kariyar. Ƙaramar guduma ma tana aiki: ka ƙwanƙwasa, wurin da ya amsa kamar tulu tsatsa ta kumbura ta raba fata da nama.

Sauran abubuwan zan wuce su da sauri. Roba mai cike tsakanin allo da allo tana tsufa, ruwa ya shiga ya ci farantai. Simintin da aka cusa ƙarƙashin allo wani lokaci baki kawai aka shafa, nauyin duka yana kan 'yan ƙarafan saiti. Gaɓar da ta buɗe sama ta tsuke ƙasa tana gaya maka harsashi ya zauna. Ginshiƙan ciki kuwa ku dubi gindinsu, motar ɗaga kaya ba ta da tausayi. Abu ɗaya da ba zan wuce da sauri ba shi ne sabuwar ƙofa. Ɗan haya ya zo yana son wurin lodin tirela, aka kawo zarto aka yanka, aka bar wa allon siraran ƙafafu biyu su ɗauki abin da faɗinsa duka ke ɗauka. Idan ka ga ƙofa mai kaifin baki, da guntayen rodi a jikin yankan, kuma babu ƙarfen ƙarfafawa kewaye da ita, ka nemi takardar injiniyan da ya yarda.

Na yi ta magana a kan tsohon gini, amma lokacin da ya fi kowane haɗari shi ne tsakanin tayar da allo da gama rufi, sa'ad da tan 30 ke dogare da bututu biyu ko uku. Dokar kare ma'aikata ta Amurka ta ce dole a bar allo a tokare har sai an kammala haɗinsa na dindindin. Ta ce ƙugiyar da aka binne ta iya ɗaukar ninki biyu na nauyin da za a ɗora mata, kayan ɗagawa kuma ninki biyar. Mai duba a wannan mataki yana son ganin sakamakon gwajin kankaren da ya bushe a filin, tare da allon, ba wanda aka lallaɓa a ɗakin gwaji ba. Yana son ganin ko daɓen da aka kafe matokaran a kai yana da kaurin da zai riƙe su. Rigimar da ba ta ƙarewa kuwa ita ce ta cire matokari. Mai aikin lantarki yana son hanya, mai fenti yana son fili, wani ya kwance ɗaya ya ce zai mayar. A wurina babu mai taɓa matokari sai da sa hannun injiniyan ginin a rubuce. Wannan hukunci yana dawowa duk ranar da aka buɗe rufi don canza shi, ko gobara ta ci shi. Shi ya sa 'yan kwana-kwana a can ake koya musu su ja baya ninki ɗaya da rabi na tsayin bangon, don yakan faɗo ne gaba ɗaya kamar ƙyaure. Bayan girgiza kuma akwai tsarin da aka fitar a 1989 na manna takarda a ƙofa, kore a shiga, rawaya a taƙaita, ja a nisanta. Allon da ya rabu da rufinsa ja ne, ko da babu tsaga ko ɗaya a jikinsa, har da filin ajiye motoci da ke gindinsa.

Ku ɗalibai, wata rana wani attajiri zai iya shigowa ofishinku da zanen irin wannan gini daga waje, yana son a yi masa a Sharaɗa ko Challawa, don ya ji yana da sauri. Ba zan ce ku ƙi ba. Amma ku tuna da iskar farkon damina da muka fara da ita, ku tuna hunturu yana busar da faffaɗan kankare kafin a gama goge shi, zafin bazara kuma yana miƙar da allo, idan aka ɗaure shi da walda tamau ta kowane gefe sai ya tsage wajen farantin. Ku kuma tambayi kanku wa zai hau ya ga kowace walda kafin a rufe ta da silin.

Game da rahoto, roƙo ɗaya gare ni. Ku rubuta adadin maɗauran da kuka gani da idonku, da wuraren da suke, da adadin da silin ko kaya suka hana ku gani. A siton da na ba ku labari, bango ɗaya kawai aka janye mini kaya, haka kuma na rubuta, na ce sauran ukun a ɗauke su kamar wannan har sai an buɗe. Mai saye ya rage kuɗin gyara daga farashi, aka huda bango aka sa sababbin notuna masu faranti ta waje. Idan kun je Los Anjalas kuka ga jerin ƙananan farantan ƙarfe masu kusurwa huɗu a saman bangon tsohon sito, kamar maɓallan riga, irin wannan gyara ne kuke kallo.

Shugaba, ranka ya daɗe, na ga takardarka ta biyu ta tunin lokaci ta iso. Akwai hotunan maɗauran nan a kwamfuta, a kashe fitilar gaba mu duba su, sannan a yi tambayoyi.